Kan Burtun Baba a Duwatsun Ɗa'if

Yayana maharbi ne ɗan maharbi, amma a Jidda aikinsa gadin wani bene a unguwar Bani Malik. Shi ke share matakala, shi ke wanke motocin mutanen gidan, shi ke jan buhun shara zuwa bakin titi. Na riga shi zuwa ƙasar, ni na yi masa hanyar iƙama, takardar izinin zama, a farkon shekarun tamanin. Ran da ya sauka na buɗe akwatinsa ina sa ran kilishi daga wajen Inna, sai na tarar da kan burtun Babanmu naɗe cikin tsohon zane.

Na ce, "Yaya, nan fa daga teku sai kwalta. Me za ka yi da wannan?"

Ya ce in rufe masa akwatinsa.

A karkararmu ta Damagaram kowa ya san wannan abu. Bakin burtu ne na gaske, wannan ƙaton baƙin tsuntsu mai yawo a ƙasa, a kafe shi a kan icce mai lanƙwasa, a rufe da fata. Maharbi ya ɗaura a goshi, ya lulluɓe da baƙin zane, ya yi ta rarrafe yana sunkuyar da kai kamar mai tsintar fara. Barewa da zabi sun saba kiwo kusa da burtu, ba sa gudunsa, sai mutum ya iso musu. Da shi Baba ya ciyar da mu.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci mukan taru wajen wani mai shayi a unguwar Karantina, mutanen Nijar da na Cadi da Hausawan Sudan. Cikinsu akwai wani tela, haifaffen Sudan, mai bakin tsiya, ko da yake ba shi da mugun ciki. Da ya hango Yaya sai ya ɗaga murya, "Ahlan, Sarkin Baka! Yau kyanwa nawa aka harbo a bayan imara, benen nan naku?" A yi ta dariya, Yaya ma ya taya su. Wata Juma'a zolayar ta ishe shi, ya kawo kan burtun ya nuna musu. Telan ya juya shi a hannu, ya ce, "Ya shekh, wannan ai tatsuniya ce. Wace dabba za ta tsaya wa mutum don ya ɗaura icce a goshi?"

Yaya ya karɓi abinsa ya naɗe a zane. Amma ni na san inda maganar ta soke shi. Ba shi kaɗai aka ƙaryata ba, har da Baba da ke kwance a kabari. A hanyarmu ta komawa ya ce da ni, sai ya nuna wa mutanen nan, ko da sau ɗaya ne.

Ni direba ne, kafilina, ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar, yana da gona a duwatsun hanyar Ɗa'if, ina kai taki ina sauko da rumman da inabi. In sanyi ya wuce, ciyawa ta tsiro tsakanin duwatsu, akwai wani tsuntsu da Larabawa ke kira hajal, mu muka sa masa makwarwar dutse. A lokacin ne namijin ke hawa kan dutse da sassafe yana kiran mata, muryarsa na amsa kuwwa a kwari. Ban taɓa ganin halitta mai wayo irinsa ba. Inuwarka kawai zai gani ya sulale. Da na ba Yaya labari, a makon ya roƙi wani ɗan Cadi ya riƙe masa gadi.

Baƙo ba ya riƙe bindiga a ƙasar nan, don haka kere Yaya ya sassaƙa, gajeriyar sandar jifa. Har yau ina jin ƙanshin safiyar farko: ciyawa mai raɓa, hayaƙin icce daga bukkar mai gadin gona, da sanyin da Jidda ba ta san da shi ba. Wani ƙaton namijin hajal na kan dutse yana ta kira. Yaya ya ɗaura burtu, ya lulluɓe, ya durƙusa. Wallahi a take mai gadin bene ya ɓace, Baba na gani yana rarrafe. Ƙwalla ta cika mini ido.

Tsuntsun kuwa, da ya hango shi tun daga nesa, sai ya yi wani ihu ya tashi firr, duk na kwarin suka bi shi.

Muka sake gwadawa washegari, aka maimaita. Mai gadin gonar, wani dattijo ɗan Yaman, yana tsaye da kofin shayi yana kallon ikon Allah. Ya tambaye ni da Larabci wane irin tsuntsu ne wannan, shi tun da yake bai taɓa ganin mai kama da shi ba. Nan ƙwaƙwalwata ta buɗe. Na ce, "Yaya, babu fa burtu a ƙasar nan. Ba su san shi ba. A wajensu dodo ne ka ɗauro musu."

Na yi dariya har na riƙe ciki. Yaya ya zauna a kan dutse yana kallon abin a hannunsa, ya daɗe. Can ya ce, "To, za su saba."

Taurin kai ne gadon gidanmu, shi kuma ya kwashi rabo biyu. Duk shekara da ciyawa ta fito sai in ji shi a bakin ƙofata a unguwar Mahjar da ƙunshinsa, "Yalla, tashi, rana na yi." Na sha ce masa ya kafa tarko kamar kowa, ko ya sayi hajal na keji mai kiran 'yan'uwansa, irin na Larabawa. Ya ce ba nama ya kawo shi ba, ai akwai kaji a kasuwa. Gwiwoyinsa suka yi kanta. Birai suka taɓa sace mana burodi yana cikin rarrafe. Mu dawo hannu banza, telan ya tambaya, Yaya ya ce da saura. Duk da haka ban yi kwanaki masu daɗi a ƙasar nan kamar waɗannan ba, mu biyu a bayan mota muna shan shayi, yana ba ni labarin dajin da yanzu ya zama gonaki.

Wani abu da na lura da shi, nisan da ke tsakaninsa da tsuntsayen yana raguwa. Tsuntsayen da ake ƙyanƙyashewa a kwarin suna tasowa suna ganin baƙin abin nan yana rarrafe, bai taɓa cutar da kowa ba. Sai dai yadda nisan ke raguwa, haka ganin Yaya ke raguwa. Yanar ido ta soma rufe masa gani, har matakalar benen sai ya lalube ta. Masu gidan suka fara maganar neman wani, iyalinsa kuma suna ta aiko ya dawo.

Zuwanmu na ƙarshe ni na ɗaura masa burtun, na juya shi ya fuskanci inda kiran ke fitowa, na laɓe bayan dutse. Ya rarrafa a hankali, da kunne yake bi. Namijin ya daina kira, ya miƙa wuya, ya dube shi. Sai ya sunkuya ya ci gaba da tsintar abincinsa. Yaya ya matsa, ya ƙara matsawa, har ya kai inda ko ni da ban iya jifa ba, zan same shi. Tsuntsun ya ɗaga kai ya rangaɗa kira a gabansa.

Yaya ya saki kere. Sandar ta wuce can gefe, ko kusa ba ta je ba. Tsuntsun ya tashi.

Na ruga na ɗaga shi. Ya damƙe hannuna, ya ce, "Ya tsaya?"

"Ya tsaya, Yaya."

"Ka gani da idonka? Kafin jifar, bai gudu ba?"

"Wallahi har kiwo ya yi a gabanka."

Ya kwance burtun, ya shafa bakinsa da tafin hannu, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Halas, shi ke nan. Ni ban gani ba. Kai za ka faɗa musu."

Juma'ar da ta biyo baya na faɗa a wajen mai shayi, Yaya na zaune gefena. Telan ya buɗe baki zai tambayi ina naman, sai ya dubi idon Yaya. Ya tashi da kansa ya zuba shayi, ya kamo hannun Yaya ya sa masa kofin a ciki. Ya ce, "Bismillah, Sarkin Baka." Ba wanda ya yi dariya.