Hatsin da Ya Yi Zazzaɓi

Mu biyar ne a wurin ran nan. Da ni, da ɗan ƙanwata wanda duk Madawa ke ce wa Alhaji, da matarsa, da wani abokinsa tsohon ma'aikacin duwan, wato kwastan, mai farin tabarau, sai mai gadin gidan, wani dogon dattijo da aka ɗauko daga can gabas don bai san kowa ba a ƙasarmu. Shi ma yana nan, kuma ya ga abin da na gani.

Alhajin nan ni na yaye shi. Uwarsa ta rasu yana rarrafe, aka kawo mini shi ƙauyenmu na kusa da Allakaye, ya tashi a bayana. Da ya yi ƙarfi ya tafi Madawa ɗaukar buhun albasa, daga ɗauka ya koma saye, daga saye ya koma mai motoci da ke kai albasa har bakin teku. Bai manta da ni ba. Kowace salla akwai turmin zanena da sukarina. Ina faɗin wannan ne don kada mai karatu ya ɗauka mugun mutum ne. Ni ban yi lakkal ba, ban san boko ba, jikata ke rubuta mini, kuma na ce mata kada ta gyara mini magana.

Shekarar da aka rufe iyaka ce. Damina ba ta yi mana kyau ba, abin da aka samu kuma maza suka sayar da rabinsa tun da kaka, don wasu baƙi sun zo da mota suna ba da farashin da ba a saba ji ba. Kafin bazara ta yi nisa an share rumbuna. Samarin da suka tafi ci-rani wasu sun dawo hannu wofi, wasu ko labari babu. Mata sun fara jiƙa anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai sun kwana da yawa cikin ruwa kafin ciki ya karɓe su. Duk gidan da ka ji warin ruwan anza ba sai ka tambayi lafiyarsu ba. Maƙwabciyata, gwauruwa mai riƙon jikoki huɗu, ita ta fara.

A cikin wannan hali ya zo da hantsi, shi ke tuƙi da kansa, ba direba. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Inna, ɗauko mayafinki, akwai abin da nike so ki duba mini."

Sai da muka bar gari ya rage gudu ya ce, "Abin da za ki gani, Inna, tsakanina da ke ne. Ko inuwarki kada ta ji."

Na ce, "To."

Ban san mene ne ba na ce to. Na yi zaton ciwo ne yake ɓoyewa.

Muka sauka daga hanyar jan ƙasa muka shiga cikin duwatsu, inda ko makiyaya ba su cika bi ba. Can ga katanga, tsawonta ya fi raƙumi da mahayinsa, an jera mata fasassun kwalabe a kai. Mai gadi ya buɗe ƙofar ƙarfe ya mayar ya rufe. A ciki akwai rijiyar inji, da farantai baƙaƙe masu shan rana su ba da wuta, da jarkokin mai jere a inuwa, da ɗakuna a layi. Matarsa da abokin nan sun riga mu isa.

Abokin ya tarbe ni da "Sannu da zuwa, Hajiya."

Na ce, "Ban je ba tukuna."

Ya yi dariya, ya ce tsohuwar tana da baki. Daga nan ya shiga yi mini bayani kamar na tambaye shi. Wai duniya ta kusa watsewa. Wai yau iyaka ce a rufe, gobe hanya ce, jibi kasuwa, daga nan kuɗi su zama takardar banza, masu bindiga su shigo gari, mai ƙarfi ya cinye marar ƙarfi. Wai duk mai hankali da abin hannu ya riga ya shirya: wani ya mai da dukiyarsa zinariya, wani ya tura 'ya'yansa ƙasar waje, shi kansa yana da irin wannan gida wajen Keita. Yana magana yana goge tabarau da bakin riga. Daɗin zancen yake ji.

Matar ta kama hannuna ta zaga da ni. Katifu ko ledarsu ba a cire ba. Kwalayen madara da sardin har rufi. Ta buɗe wani ɗan ɗaki na ƙarshe ta ce, "Inna, ga naki. Alhaji ya ce ke za a fara ɗaukowa."

Gado ɗaya ne a ciki, da buta sabuwa. Na duba na fito.

Sai Alhaji ya ce, "Ba wanga na kawo ki gani ba." Ya ja wata tabarma a tsakar wani ɗaki, sai ga murfin ƙarfe da kwaɗo. Ya buɗe, matakala ta gangara ƙasa. Tun ban sa ƙafa ba warin ya tarbe ni, wani ɗumi mai tsami-tsami, kamar gasarar da aka manta a tukunya.

Ɗaki ne a cikin ƙasa, sama siminti, ƙasa siminti, ba taga ko ta shigar ɓera. Buhunan hatsi ne tun daga daɓe har sama, layi bayan layi, fitila ba ta kai ƙarshensu ba. Na fara ƙirgawa na bari. Tunda nake ban taɓa ganin hatsi wuri ɗaya haka ba, kuma na baro gari ana jiƙa anza.

Ya ce, "Kwana biyu ke nan mai gadi ke cewa shina jin wari. Ke kin san hatsi."

Na ce a kwance mini ɗaya daga tsakiya. Na naɗe hannun riga na cusa hannu har gwiwa. Zafi na ji, irin na jikin yaro mai zazzaɓi. Na damƙo na fito da shi, ya dunƙule a tafina bai watse ba. Na kai hanci, na tauna ƙwaya biyu. Na sa aka buɗe na ƙasa, wanda ke jingine da bango, shi har ya fara baƙi, buhun ya jiƙe. A cikin na uku na ga 'yan tsakuwa ja, irin na dutsen da muke sussuka a kansa a bayan garinmu. Nan na gane su wane ne baƙin da suka zo mana da kaka.

Na ce, "Yaushe aka zuba shi nan?"

"Tun kaka. A kasuwanni daban-daban na sa aka saya, kaɗan-kaɗan, don kada a lura."

"An shanya shi?"

"Ai sussukakke ne, Inna. Da zuwa aka sauke."

Na dube shi. Na ce, "Kai da albasa ta yi maka riga da wando, ka taɓa zuba albasa a ɗakin siminti ka rufe? Ba rudu kake mata ba, na kara, iska na shiga ta ƙasa tana fita ta sama? Wa ya ce maka hatsi ba shi numfashi?"

Ya sunkuyar da kai. Abokin ya ce ai injiniya ne ya zana wurin, daga babban birni.

Na ce, "Injiniyan ya zo ya ci."

Muka hau sama, aka shimfiɗa mini tabarma, na faɗa musu abin da na sani. Kakanmu yana da rumbun tsimi, wanda ake ajiyewa don baƙar shekara. Na ƙasa ne, an ɗora shi kan duwatsu don kada sanyin ƙasa ya taɓa shi, kuma hatsin da zangarniyarsa ake jera shi, dami kan dami, ba a sussuka shi. A haka yana shekaru. A bakin gari yake tsaye, kowa na ganinsa. Duk kaka a buɗe, a fid da tsoho a ci, a yi suna da shi, a ba wanda nasa ya ƙare, a zuba sabo. Gina shi ma ba aikin mutum ɗaya ba ne, gari ke kwaɓa ƙasa, gari ke miƙa dammuna.

Alhaji ya ce, "To wanga fa? Shina da magani?"

"Shina da, in an yi yau ko gobe. A fid da shi duka, a baza a rana, a sheƙe, a tsince. Na ƙasa ya tafi, ko jaki ba ya ci. Na tsakiya da na sama za su ciyu, amma bana, ba baɗi ba. Iri kam ya mutu, ko ka shuka ba ya fita. In ruwan farko ya sauka yana cikin ramin nan, taki ka ajiye."

"Mutum nawa aikin zai ci?"

"Matan gari uku. Su shanya, su ɗauki abin da za su ɗauka, kai ma ka rage. Da kaka ka kira maza su gina maka rumbuna yadda ake yi."

Abokin ya mayar da tabaransa. Ya ce, "Alhaji, mace ɗaya ta ga wurin nan, aikinka ya tashi a banza. Ranar da abin ya ɓaci, waɗannan da ka ciyar su za su fara hawa katanga, don sun san hanya. Akwai ƙwayar magani da ake sawa a magaza, manyan ɗakunan ajiyar hatsi. A sa, a kawo fanka."

Na ce, "Ƙwayar ta ƙwari ce. Wanga ba ƙwaro ke cin shi ba, ruwan jikinsa ne."

Matar ta ce a hankali, "Mu kaɗai ba mu iyawa, Inna? Kaɗan-kaɗan?"

Na dubi hannunta da lalle, na dubi mai gadi da ya girme ni.

Ɗan nan ya daɗe yana kallon ƙasa. Na san fuskar. Ita yake yi yana ƙarami in hadari ya taso, ya ƙanƙame zanena ya ƙi saki. Tsoro ne na gaske, ba irin na abokinsa ba. Yana da 'ya'ya, ya ji abin da aka yi wa masu kuɗi a garuruwan kudu, an ɗauke wasu daga kan shimfiɗarsu. Ban raina tsoronsa ba. Na ce masa dai, "Ranar da kake jira ban san ta ba. Amma a garin da ka tashi ta riga ta zo."

Ya ce, "Zan yi tunani, Inna."

Na goya shi, na san ma'anar wannan a bakinsa. Ya tashi ya mayar da murfin ya danna kwaɗo.

Da za mu tafi ya sa mai gadi ya ɗauko buhu ɗaya daga na sama, aka sa a bayan mota aka lulluɓe da tabarma. Mun iso gari la'asar sakaliya. Ya kai motar har bakin danga, ya ɗauki buhun da kansa, da babbar rigarsa, ya shigar mini ɗaka ya tura bayan gado. Ya ce, "Ki ci a hankali. Ki tuna kin ce to."

Bayan tafiyarsa maƙwabciyata ta leƙo ta kan danga, hannunta jiƙe da ruwan anza. Ta ce, "Yaya, ina aka kai ki yau cikin mota?"

Na ce, "Dubiya."

Ta ce, "Allah ya ba shi lafiya."

Na ce amin. Shekarunmu tare sun fi talatin, ban taɓa yi mata ƙarya ba sai ran nan. Na shiga ɗaka, warin buhun ya riga ya cika shi. Na san in na bar shi a bayan gado kwana uku zai zama irin na ramin. Na kuma san a cikin wannan wata ba wanda ke da hatsin shanya a garinmu, kuma kowa ya ga motar da ta kawo ni. Abin da zai biyo baya, gare shi da gare ni, ban iya auna shi ba. Wataƙila ya buɗe wa mutane ƙofar gidan nan. Wataƙila ya ƙara wa katanga tsawo, ya daina zuwa gaishe ni.

Da gari ya waye na yi salla, na jawo buhun da ja da hutu har ƙofar gida, bakin hanyar da mata ke bi zuwa rijiya. Akwai fili a cikin gida, ban shanya a can ba. Na shimfiɗa tabarmi uku, na zazzage shi duka, na baza da tafin hannu. Na ɗauko kara na korar kaji na zauna.

Maƙwabciyata ce ta fara fitowa da tulu. Ta tsaya. Ta ajiye tulun, ta damƙi hatsin ta shinshina, ta dube ni.

Na matsa mata gefen tabarma, na miƙa mata faifai.