Wutar Aradu da Ƙwaryar Nono

Ranar wata Laraba ce da la'asar, a farkon daminar shekarar da nake aji biyar na firamare, aradu ta faɗa wa rumbunmu. Ƙauyenmu yana gefen Roni, kuma ranar Baba ya tafi kasuwa tun safe a kan keke. Ina tsakar gida ina kwashe shanyar kuɓewa, Inna tana goye da ƙanena Sani, ɗan wata biyar, tana kora kaji cikin akurki. Hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska tana kaɗa danga, amma ko ɗigo bai sauka ba. Sai wani haske ya cika gidan tare da ƙara a lokaci guda, na durƙushe na toshe kunne. Da na buɗe ido, hayaƙi ne ke tashi daga tsinin jinkar rumbu. A cikin rumbun nan sauran geronmu yake, wanda zai kai mu kaka, kuma ba mu da wani abinci bayan shi.

Wanda ya fara shigowa shi ne Baffa Ila, yayan Baba, da katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa. Ban taɓa ganin fartanya ta yi wa hannunsa kanta ba. Aikinsa zama a gindin darbejiya yana warware wa mutane sirrin duniya, mu kuma muna gefe muna carafke muna kasa kunne. Shi ya san bakan gizo shanye ruwan sama yake yi. Shi ya san duwatsun Kazaure girma suke yi duk shekara kamar kabewa. Teku ma ya san ba shi da ƙasa, ko da yake mutumin nan iyakar tafiyarsa Kano, ita ma sau ɗaya, kuma ya dawo da amai. Ba ya cewa "ina jin", sai dai "ai sananne ne", manya su gyaɗa kai. A makaranta kuwa muna da Malam Bulus, malamin kimiyya, baƙo daga kudu. Ya taɓa goga biro a gashinsa ya ɗauki guntayen takarda da shi, ya ce irin wannan ƙarfin ne ke taruwa a cikin gajimare har ya tsallako ƙasa. Ya ce haske ya fi ƙara sauri, shi ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa. Na tambaye shi ko wutar aradu daban take da ta murhu, ya ce, "Da zarar ta kama ciyawa, wuta ce kamar kowace wuta."

To, wutar nan a lokacin ba ta fi tafin hannu biyu ba. Ni da Inna mun cika randuna tun safe daga rijiya, ga duro ma da rabi. Na ɗebo ruwa a bokiti na nufi rumbu a guje, sai Baffa ya tare ni, ya doke hannuna, ruwan ya kife a ƙafata. "Ke, ba ki da hankali? Wutar aradu ce. Ruwa ƙara mata ƙarfi yake, sai da nono ake kashe ta." Na ce, "Baffa, Malam ya ce ruwa yana kashe ta." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce bokon banza ne ke ɗibata, in koma bayan uwata. Kafin nan maza sun cika gidan, ƙarti majiya ƙarfi, waɗanda mutum biyu cikinsu sun isa su ture jinkar da gora ta faɗo ƙasa. Suka tsaya cirko-cirko suna salati, kowa yana jiran wani ya fara. Na juya na dubi Inna. Ta sunkuyar da kai, tana jijjiga Sani.

Aka tura wani da keke rugar da ke bayan fadama neman nono. Farkon damina ne, shanu ba su gama farfaɗowa daga rani ba, kuma an riga an kai na safe talla. Muna tsaye wuta ta ci jinka, ta sauka cikin damman gero, ƙauri ya cika unguwa, ƙwayoyin suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Sai da rumbu ya zube sannan ɗan aike ya iso da wata 'yar ƙwarya, rabin nonon ya tuntsure a hanya. Baffa ya naɗe hannun riga, ya karɓi ludayi, ya riƙa yayyafawa a kan garwashi da wata irin isa, kamar likita a kan mara lafiya. Garwashin ya ce cuu, ya ci gaba da cinsa. Ana cikin haka ruwan sama ya kece, kuma a gaban idon kowa ya kashe wutar murus kafin a gama gudu zuwa zaure. Na ɗauka kunya za ta kama shi. Yana matse gefen riga ya ce, "Kun gani? Nonon ne ya karya ta." Suka ce haka ne.

Baba ya dawo da magariba, ya tsaya a kan tokar. Daminar nan tafasa da rama muka ci, sai ɗan abin da dangin Inna suka aiko daga Babura. Baba yana nome gonar wasu da safe don kwanon dawa, tasa ta yi ciyawa. Inna takan ce ta ƙoshi ta tura mana kwanonta, har nononta ya ƙafe. Sani bai ga sabon gero ba. Kwana ne ya ƙare, na sani, amma ni ce nake ba shi koko da cokali yana ture shi. Baffa kuwa ya zo gaisuwa, ya zauna a gaba-gaba, yana bayyana wa mutane abin da ke kawo wa jarirai gudawa.

Yanzu 'ya'yana a waya suke duba ko za a yi ruwa, kuma ƙaramar cikinsu ta fi ni iya bayanin walƙiya. Rumbun zana ya yi wuya a ƙauyenmu, hatsi a buhu yake cikin ɗakin kwano. Ina kewar tsakar gidan nan da ƙanshin ƙasa in hadari ya taso, amma rainin da na yi wa Baffa bai ragu ba ko bayan rasuwarsa. Bara na je duba Inna, ta tsufa, ina matsa mata ƙafa na tambaye ta ko da gaske ta yarda da zancen nonon. Ta ce, "Yo ni da nake kashe wuta kullum? Na san ruwa zai kashe ta. Wan mijina ne, ya zan yi in ƙaryata shi a gaban maza?" Na ci gaba da matsa mata ƙafa. Da ma ban tambaya ba.