Bakin Kantar Inna

Kawu, da safiyar Laraba, sha tara ga watan Fabrairu, matarka ta kira ni a waya ta ce ka cika. Ina tsaye a bakin titi ina jiran mota, sai na zauna a dakalin wani shago har mai shagon ya fito ya ba ni ruwa. Mu na Allah ne, kuma wurinSa za mu koma. Kwana tara kawai ka yi a kwance.

Shekara arba'in ka yi kana haɗa kabad da kantar kicin, kuma duk wanda ya san ka ya san ka da nawa. Aikin mako biyu sai ka kai shi wata guda. Ni kaina na sha yi maka tsiya, ina cewa kafin ka gama kabad ɗin amarya sai ta yaye ɗan fari. Sai ka yi dariya ka ce jikin kabad kowa na iya haɗawa, bakinsa ne ke cin lokaci, domin shi hannu ke taɓawa kullum.

Bara idon Inna, mahaifiyata kuma yayarka, ya dushe. Ta bugi kusurwar kantar kicin ta yanke a hannu, wata rana kuma gefen mayafinta ya kusa kama wuta. Mu 'ya'yanta muka zauna muka yanke cewa ta bar kicin. Ni ce kan gaba, ni na sayo kwaɗo na rufe ƙofar. Inna ba ta yi musu ba. Ta koma falo ta zauna, abinci ma sai an lallashe ta. Matar da ta shekara hamsin tana ciyar da mu ta zama baƙuwa a gidanta, ni kuwa ina ganin gata na yi mata.

Da ka zo ka ga kwaɗon, ba ka yi mini faɗa ba. Cewa kawai ka yi, "Ara mini makullin nan, 'yata. Idon ne ya tafi, hannun yana nan." Na ba ka, amma da sharaɗi: Inna ba za ta shiga ba sai ka gama har gefen murhu.

Ka ɓamɓare tsohon bakin kantar gaba ɗaya. Ka kawo allon nan mai kama da dutse wanda zarto ke yankawa, ka yanka shi sirara, faɗin yatsa biyu. Kowane yanki sai ka goge shi tas, ka shafa gam, ka manna, ka ɗaure da ƙarfen matsi a kowane taƙi. Idan gam ya kama, ka kankare wanda ya ɓullo, ka bi da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har mahaɗar ta ɓace. Ka ɗan ɗaga bakin don kada kofi ya zame, ka mayar da kusurwa ta zama zagaye. A ƙarƙashinsa kuma ka yi tsaga: ɗaya a saitin kabad ɗin gishiri, biyu a na sukari da ganyen shayi. Ka ce a gefen murhu tsaga uku za ka yi.

Wata rana na shigo na tarar ka ɗaure idonka da tsumma kana bin kantar da yatsu. Da na gaya wa Inna, ta ɗaga murya daga falo ta ce, "Auta, kai ma ka makance ne?" Ka ce, "Aikina nake dubawa, Yaya." Ran nan ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba.

Ranar Lahadi ka manna yanki na ƙarshe, na gefen murhu, kana ta tari. Ka ɗaure shi, ka ce kada a taɓa sai ka dawo ka goge. Washegari ka kwanta.

Bayan masu gaisuwa sun ragu, na shiga kicin ɗin na kwance ƙarafunan matsin. Gam ya bushe a wurin, kaushi kamar bayan itace, babu tsaga ko ɗaya. Aiki bai ƙare ba, don haka na ɗauko kwaɗona zan sake rufe ƙofar. Sai ga Inna tana dafe da bango. Ta ɗora hannu a bakin kantar tana tafiya a hankali, tana cewa gishiri, sukari. Da yatsunta suka kai wurin kaushin, ta tsaya cak.

"Nan ne wuta," in ji ta. "Nan ya tsaya. Kada kowa ya goge mini shi."

Na yi kuka, Kawu, na baƙin ciki da na kunya. Na sa mata makullin a tafin hannu. Ita ta dafa shayin da matarka ta sha a ranar. Ban samu na ce maka kai ne da gaskiya ba, shi ya sa nake faɗa a nan.

Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka da 'ya'yanka da abokan sana'arka. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, musamman Inna, wadda ta goya ka kana jariri, yanzu kuma kowace safiya sai ta shafa aikin hannunka kafin ta kunna wuta. Amin.