Zumar Iya Mai Barkono

Ƙarar cokali ce a bakin kwalba. Ƙwal, ƙwal, a hankali, kamar baƙon da ke ƙwanƙwasa ƙofa yana jin nauyin masu gida. Da mun jiyo ta daga ɗakin Iya, kakarmu ta wajen uba, mun san yau akwai zuma, in kuwa akwai zuma to akwai tatsuniya.

A ƙauyenmu ne na kusa da Buji, shekarun da Jigawa take sabuwar jiha, Baba yana aikin gini a Dutse, sai ya samu sarari yake leƙo mu. In sanyi ya shigo an kai hatsi rumbu, bayan sallar isha'i Iya takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta ta binne dankali a toka. Ni da ƙanwata Talatu da 'ya'yan maƙwabta mu kewaye ta, kowa ya cusa ƙafa cikin zane.

Zumar Iya ba irin ta kowa ba ce. Ƙananan barkonon nan jajaye take shanyawa, ta daka da citta da ɗan gishiri, ta tankaɗe, ta juye cikin zuma ta bar shi ya kwana biyu, har zumar ta yi ja kamar manja. Takan ce zuma zalla ta ƙuda ce da jarirai. In ka dangwala gasasshen dankali ka kai baki, zaƙi ne zai fara tarbar ka, har ka saki jiki. Sai ka haɗiye sannan zafin zai biyo baya, ya kama maƙogwaro, ya hau hanci, ya fito ta ido. Da ita muke cin ɗanyen mangwaro da bazara, wani lokacin ta ɗiga mana a fura. Muna ci muna shan iska da baki, tana yi mana tsiya: “Ragwaye! Ni da babu haƙori ban yi kuka ba.”

Amma daren da na fi tunawa ba na dariya ba ne.

A bazarar wannan shekarar sanƙarau ya ɗauke Yaya Nuhu, ɗan farin Ummanmu. Wanda ya san gidajenmu ya san yadda uwa take da ɗan fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin Umma ta kama sunansa ba. “Wancan yaron” take cewa, ko ta ce da ni, “Kai wa mai ɗakin Iya tuwonsa.” Tun yaye a wurin Iya yake kwana. Da ya rasu, ɗakin Iya mata suka riƙa cika suna yi mata gaisuwa, ita kuwa Umma tana gindin murhu tana tuƙa wa baƙi tuwo. Na ji wata tana cewa, “Kai, matar nan akwai kara. Ko ɗigon hawaye.” Yabo ne, kuma Umma ta ji.

Aka yi arba'in, damina ta zo ta wuce, Umma ba ta yi kuka ba. Ba ta kuma sake yi mana faɗa ba. Aiki kawai. Ta share tsakar gida, ta dawo ta share inda ta share. Rannan a kan idona ta sauke tukunya daga wuta da hannu, ba tsumma, ta ajiye, ta dubi tafinta kamar na wani ne. In ta kalle ka sai ka ji kamar bangon bayanka take kallo. Wani dare muna kwance Talatu ta matso ta raɗa mini, “Yaya, anya wannan Ummanmu ce?” Na ce ta yi a'uziyya ta yi barci. Ni ban yi ba.

To a sanyin nan ne cokalin ya yi ƙara, karo na farko tun rasuwar. Muka taru. Umma tana can gefe a bakin madafa, inda hasken wuta bai kai sosai ba, tana wanke kwanukan da na tabbata an riga an wanke.

Iya ta gyara zama ta ce, “Ga wata nan tafe, ku matsa mata ta zauna.”

Muka ce, “Ta zauna mu ji.”

Ta ce a da can, kafin a yi titi, akwai wata mata a gindin duwatsun Dutse, mai surutu, mai waƙa a bakin turmi. Wata rana ta hau dutse neman itace, rana ta faɗi ba ta sauko ba. Aka kunna kara aka bi sawu ana kira, ba amsa. Da asuba sai ga ta ta shigo da damin itace a ka, ta yi sallama da muryarta, da zanenta, har da tabon ƙunar da ke hannunta. Kowa ya yi hamdala.

“Sai dai fa,” in ji Iya, ta rage murya, “tun daga ranar ba ta gajiya. Ta daka na gidansu, ta daka na maƙwabta. Ba ta fushi. Ba ta dariya. Awaki in sun hango ta sai su koma bayan rumbu su yi tsit. Ba abin da take so sai zaƙi. Dabino, rake, zuma. Duk inda ta zauna ta tashi, sai ka ga tururuwa sun yi layi.”

Mutanen gari suka yi ta yabo, suna cewa ba a taɓa mace mai haƙuri irinta ba. Wata tsohuwa ce kaɗai hankalinta bai kwanta ba. Ta lura matar nan ko hayaƙi ya turnuƙe madafa idonta ba ya kawo ruwa. Sai ta dama zuma da barkono, barkonon ya fi zumar yawa, ta kira ta ta miƙa mata ƙoƙo.

“Ɗan Adam,” Iya ta ce, tana tona toka da tsinke, “zaƙi yana ruɗinsa, amma zafi yana tona shi. Duk mai rai, in ya sha wannan, sai ido ya ba da shaida.”

Matar ta karɓa ta shanye. Ta lashe ƙoƙon. Ta ɗago ta dubi tsohuwa da idanu busassu ƙarau kamar tsakuwa, ta ce, “Akwai saura?”

Talatu ta damƙe hannuna har farcenta ya shige.

Tsohuwa ta yi bisimilla da ƙarfi ta ce, “Koma inda kika fito, mun gane ki.” Da gari ya waye ba a ga kowa a shimfiɗarta ba, sai zane a ninke, da layin tururuwa da ya fita ta ƙarƙashin ƙofa ya miƙe har gindin dutse.

“Na ajiye ta nan,” in ji Iya, “mai so ya ɗauka.”

Ba wanda ya motsa. Ta tono dankali, ta ɓare, ta dangwala, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Na ranar ya fi na kullum zafi nesa ba kusa ba. Nan da nan muka hau tari da hawaye, kuma wallahi daɗin hawayen muka ji, kowa yana nuna wa na kusa da shi idonsa. Sai Iya ta ɗaga murya wajen madafa. Amarya take kiran Umma, duk da shekarun da ta yi a gidan.

“Amarya, bar kwanukan nan haka. Zo ki ɗanɗana mini, kamar na cika gishiri.”

“Na ƙoshi, Iya.”

“Ban tambaye ki yunwa ba.”

Umma ta taso ta durƙusa gefen wuta, kanta a ƙasa. Iya ta zaɓi wani dankali da ya ƙone ta gefe, ta lafta masa zuma har tana ɗiga, ta sa mata a hannu. Ina ta karanta duk surar da ta zo bakina, ina roƙon Allah kada ta ce akwai saura.

Ta ci. Ta tauna a hankali, ta haɗiye. Fuskar nan ba ta canja ba. Wutar ta yi ƙara, wani kare ya yi haushi can bayan gari. Umma tana ta kallon ɓawon da ya rage a hannunta, baƙi, ƙonanne.

Sai ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, “Nuhu ƙonannen yake so.”

Ranar na fara jin sunan a bakinta. Hawayen kuwa da suka zo ba su yi sallama ba. Ta kai gefen mayafi za ta rufe fuska, Iya ta riƙe hannun.

“Barkonon bana ne, ba shi da mutunci,” in ji Iya. “Dubi yaran nan ma. Dube ni.” Muka duba, ita ma fuskarta sharkaf, alhali ko lasa ba ta yi ba. Ta ƙara dangwalo wani ta miƙa. “Ci. Wa zai ga laifin wanda barkono ya kama? Ku kuma me kuke kallo? Ku tashi ku ba mu wuri, mu manya za mu ci namu.”

Daga ɗaki muna jiyo su har wutar ta mutu. Talatu ta yi barci tana murmushi. Da safe Umma ta yi mini faɗa a kan na bar tsintsiya a hanya, ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Na yi sakandare, na yi aure a Dutse, a unguwar Yalwawa. Shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, Islamiyyar matan aure ta cika, ni ma na shiga. A can na ji malama ta bayyana mana cewa addini bai hana hawaye a kan mamaci ba, kururuwa da yage tufafi ya hana. Na zauna a kan tabarmar nan ina tunanin Iya, Allah Ya jiƙanta, wadda ba ta iya karanta ko baƙi ɗaya ba. Ba ta iya ce wa surukarta ta yi kuka, kunya ba za ta bar ɗayansu ba. Sai ta tsorata yara da tatsuniya, ta ɗora wa barkono laifi. Na daɗe ina ɗauka mu ta yi wa labarin. Ashe mai wanke kwanuka take ba wa.

Abin da ban cika faɗa ba shi ne, Umma ta dawo mana, amma ba duka ba. Ta yi faɗa, ta yi dariya, ta goya jikoki. Sai dai har ta tsufa, akwai lokacin da ana tsakiyar hira za ta tsaya cak, idonta a kan ƙofa, sai an taɓa ta. Mun saba, muka daina lura. Muka ce ai ta warke.

Wani dare aka ɗauke wuta, na kunna fitilar ƙwai, na dama wa yarana zuma da barkono yadda na gani, muka ci da soyayyen dankali. Na ba su tatsuniyar matar dutse, na kai ƙarshe inda tururuwa suka fita ta ƙarƙashin ƙofa. Manyan suka yi dariyar tsoro. Hafsatu, ƙaramarsu, ba ta yi ba. Tana zaune da zuma a haɓa, idonta jawur, tana kallona.

Ta ce, “Mama, an kori ta ƙaryar. To ita ta gaskiyar fa? Tana can cikin dutse har yanzu, ba wanda ya koma ya kira ta?”