Ranar Kasuwar Zulaihatu

Duk Dandin Mahe an san gabun Zulaihatu, ganyen albasar nan da take dakawa ta dunƙula ta shanya, mai sa miya ƙamshi har maƙwabta su ji. Da ta sayi babbar waya, sai ta ɗora hotonsa a intanet don ta gwada sa'arta.

Ashe ruwa ta ɓallo wa kanta. Saƙo daga Sakkwato, saƙo daga Kaduna, wannan na tambayar farashi, wancan na son bidiyo. Ita kuwa a gidansu ba a barin mai sallama a tsaye. Kowa ya yi magana sai ta ajiye taɓarya ta amsa, har da tambayar mutan gida. Tuwo ya ƙone, gabu ya yi fumfuna. Rannan ta zauna bakin turmi tana hawaye.

Mahaifiyarta da ta leƙo gidan ta ce, "Ke ɗiyar nan, ina kika taɓa ganin kasuwar ƙauye na ci kullum? Ko tamu rana gare ta."

Zulaihatu ta share ido, ta rubuta a ƙarƙashin hoton cewa kasuwarta ran Laraba take ci. Sauran ranakun na turmi ne.

Ta ɗauka masu saye za su gudu, sai ga su suna jira. Yanzu in wani ya matsa mata ran Litinin, amsarta ɗaya ce: "Sannu da zuwa, Alhaji, amma ka yi sammako. Kasuwa ba ta ci ba tukuna."