Ƙasimu Rimawa da Takardar da Na Datse

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ran Talata, sha uku ga Rajab 1371, waya ta iso Goronyo daga Ikko cewa zazzaɓi ya ɗauke ƙanena Ƙasimu Rimawa, ma'aikacin jirgin ruwa. Ina kasuwa ina ɗinkin kube aka faɗa mini, har yau ban koma kan kuben ba.

Ƙasimu, kai da ka taso ba ka san wani ruwa ba sai gulbin Rima, soja suka ɗora ka kan jiragensu wata ashirin da shida lokacin yaƙin Bama. Ka komo ka iya ƙullin igiya iri-iri, ka iya riƙon sitiyarin jirgi. Kai ka gyara wa 'yan fiton Goronyo igiyoyinsu, da suka kawo maka albasa buhu guda ka rarraba wa maƙwabta.

Burinka ɗaya ne, a ɗauke ka cikakken ma'aikaci a jiragen fatake. Ka ce sai an ga shaidar kwanakin da mutum ya yi a teku kafin a yi masa jarrabawa, kuma takardar sallamarka daga soja ita ce shaidar.

Kana gona mahaifiyarmu Inna Habi ta kawo mini ita. Ta ce, "Bube, ɗinke wagga cikin fata kamar laya, kada gara ta ci mai ita." Ni kuwa baduku, mi na sani? Na ga ta fi fatar faɗi, na sa wuƙa na datse gindinta, na zubar. Ashe nan hatimin yake, da lissafin kwanakin. Kaico, har yabon kaina na yi don ɗinkin ya yi kyau!

A Ikko ka farke fatar gaban akawu, ya juya takardar, ya turo maka abinka. Aka ce ka soma ƙirga kwanaki daga farko. Shekara huɗu kana kankare tsatsa kana wanke dandamalin jirgi a ƙarƙashin waɗanda ka fi sanin aiki. Saura wata biyu ka zauna jarrabawa ajali ya riske ka.

Da ka zo gida bara, Inna ta tambaye ka dalilin jinkirin. Ina zaune ka ce mata ruwan teku ne ya ɓata takardar. Ka san yankan wuƙa in ka gani, Ƙasimu, a rumfata ka girma. Ka dube ni, ka miƙo mini goro. Na karɓa ban amsa laifina ba, ina cewa a raina in ka ci jarrabawa maganar za ta fi sauƙi. Wallahi tsoro ne kawai, kuma ina jin kunyar kaina.

Ya Allah Ka gafarta wa Ƙasimu, Ka yalwata kabarinsa a ƙasar da ba mai ziyartarsa, Ka rufa masa asiri yadda ya rufa mini. Ina yi wa Inna Habi ta'aziyya, da matarsa Turai, da ɗiyarsa Husainatu, Allah Ya ba ku haƙuri. Gafarar da ban roƙe shi ba, ku nake roƙo yanzu. Inna, ba teku ba ce, ni ne.