Magena da Zargin Maƙwabciya

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da wani ɗan sauti da na ji a ƙarƙashin gadona ba. Na idar da sallar Azahar ke nan, ina lazimi, sai na ji tsut-tsut-tsut ba ƙaƙƙautawa. Na leƙa, ashe magenmu ce take ta lasar wuri ɗaya a cikinta. Da na shafa, na ji ƙullutu mai tauri a gefen nononta, kamar ƙwallon dabino.

Nan take zuciyata ta tafi gidan maƙwabciyata, wadda yarana ke kira Gwaggo. Sati biyu kafin nan 'yan tsakinta uku sun ɓace, na kuma jiyo ta ta katanga tana cewa, "Wata rana sai na yi maganin magen nan!" Na ce shi ke nan, ko ta maka mata taɓarya ko ta ba ta wani abu. Shekara goma muna musayar kwano da matar nan, amma na hana yara shiga gidanta. Ta aiko da kunun tsamiya, na juye a kwata. In ta gaishe ni, sai in tsaya ina auna muryarta. Allah Ya yafe mini.

Ƙullutun ya zama biyu, ɗaya ya fashe yana wari. Na matsa wa maigida, muka sa magen a kwando daga Ɗanzomo zuwa Gumel wurin likitan dabbobi. Masu raguna sai dariya suke yi, wani ya ce, "Hajiya, ta layya ce?" Ban kula shi ba. Ni shaida na zo nema, in koma in tari Gwaggo da ita.

Likitan ya daɗe yana lalube, har hammatarta, ya ce ga kaluluwa ta fito.

"Duka ne ko guba, likita?"

"Ko ɗaya. Alamun ciwon daji ne na nono. Da tun yana ƙarami ne, da an yi aiki an cire." Sai ya ɗago. "Hajiya, rabonta da haihuwa fa?"

Na ƙirga a raina. Shekara uku ke nan. Na gaji da neman masu karɓar 'ya'yanta, sai nake daka mata ƙwayar tsarin iyali, wadda maigida ke sayo mini ranar kasuwar Maigatari, ina zuba mata a madara. A ganina tausayi ne. Na faɗa wa likitan gaskiya.

Ya ce, "Ba zan rantse ita ce ba, amma tana cikin abubuwan da ke jawo shi."

Ya ba mu maganin rage zafi, ya koya mini wanke gyambon. Magen ta yi wata guda da kwanaki, sannan ta mutu a kan tsohon zanina.

Na koyi cewa kumburi ba abin jira ba ne, kuma mai zargi ba ya duba hannunsa. Amma ba ni na fara faɗa wa kaina ba. Ranar da muka binne ta, ina hawaye ina cewa ta yafe mini, 'yar autata ta ja gefen hijabina.

"Umma, kin ba mage haƙuri. Saura Gwaggo."